Yadda Muryata Ta Hau Kan Muryar Marigayiya

Shekarun baya na tafka wata wauta da har yau in na tuna ina cin tuwo, sai lomar ta tsaya mini a wuya. Ku da kuke kirana injiniya a nan, ku sani ba wanda ya ba ni wannan sarautar, ni na naɗa kaina. Boko leƙen taga kawai na yi mata, sana'ata awon gero da dawa a kasuwa. Amma tun ina saurayi, in na ga abu mai wayoyi a ciki, hannuna ƙaiƙayi yake yi sai na buɗe shi. Zaurena a Tudun Wadar Sakkwato cike yake da gawarwakin rediyo. Uwargida ta ce asibitina ba a sallama, sai dai jana'iza.

Maƙwabcina kafinta ne, Kirista, mutumin wajen Jos. Katanga ɗaya ta raba mu, bencin zaurena ma shi ya yi mini. Matarsa ta rasu tun ɗiyarsu ba ta daɗe da yaye ba. Da ciwo ya tsananta anka kai ta garinsu jinya, daga can ta yi magana a kaset ta ba direba ya kawo. A farkon kaset ɗin tana yi wa yarinyar magana, daga nan ta rera mata wata waƙar coci. Ba ta dawo ba. Wannan kaset shi kaɗai ne wurin da muryarta ta rage a duniya.

Yarinya ta girma, aurenta ya matso, za a kai ta nesa. Ta ce tana son muryar uwarta a cikin wayarta. Rikodarsu ta daɗe da mutuwa, rabon da ta ji kaset ɗin tun tana ƙarama. Wata Asabar da hantsi sunka shigo zaurena, uban riƙe da gwangwanin madara, kaset a ciki an naɗe shi da hankici.

Ya ce, “Malam, aikin ba yawa. Ka kunna a rikodarka, mu kara waya a bakin sifika, shi ke nan.”

Na ce, “Haba maƙwabci, wanga ai aikin ’yan koyo na! Kukan akuya, ƙarar babura, mai tallar ruwa, duk su shiga? Bari ka gani. Cire sifika za ni yi, in jona waya daga cikin rikoda kai tsaye zuwa wayar ɗiyarka. Garau za ta fito.”

Ya juya kaset ɗin ya nuna mini bayansa, ya ce, “Na dai ɓalle ’yan murafun nan tun ranar da ya zo, don kada wani ya yi ɗauka a kai.”

Na ce, “Ka yi daidai.”

To, ga abin da na manta. Yaran yanzu ba ku san shi ba: a bayan kaset akwai ɗan rami mai murfi. In an ɓalle murfin, wani ɗan ƙarfe a cikin rikoda yakan faɗa ramin ya kulle jan madanni na ɗauka. Mai son ɗauka a kan tsohon kaset sai ya cusa takarda a ramin. Ni kuwa gwani, na gaji da cushe-cushen takarda, tuntuni na buɗe rikodata na ɓanɓare ƙarfen na jefar. Har alfahari na yi a majalisa cewa tawa ba ta gardama da mai ita. Ga madannin kunnawa ya tsufa ya yi tauri, sai an danne shi da ƙarfi da babban yatsa. Kuma kafaɗa da kafaɗa yake da ja.

Ba wutar lantarki, sai na gasa ƙarfen dalma a garwashi, na cire sifika, na liƙa wayoyi, na zuba sabon batir. Na sa kaset, na danne da ƙarfina. Zare ya fara juyawa. Ba mu ji komai ba, amma ai dama ba mu sa ran ji ba, tunda na cire sifika da hannuna.

Na ce su yi shiru, ni kuma na kasa. Na miƙe ƙafa na shiga ba su labarin wata rediyo da ta gagari masu gyara, na tashe ta da wayar tsohuwar fanka. Uban yana gyaɗa kai don kara, idonsa yana kan zaren. Ita kuwa ɗiyar ta durƙusa gaban rikoda, wayarta a tafin hannu kamar mai riƙon ƙwai.

Can ta ce mini, “Baba, me ya sa madannai biyu suka shiga?”

Na duba. Ja yana ƙasa.

Na kai wa madannin tsayarwa duka. Na leƙa ’yar tagar kaset, zaren da ya wuce ya taru a ɗaya gefen, ba kaɗan ba. Duk tsawon surutuna rikoda tana goge marigayiya tana zuba ni.

Maƙwabcina bai yi ihu ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya ce a hankali, “Malam, ta goge?”

Na ce, “Wani wuri... farko-farko dai...”

“Har ina?”

“Sai mun ji.”

“To mu ji.”

Na mayar da sifika, dalma ta ɗiga mini a yatsa ban ma ji ba sai daga baya. Na ɗauki filaya na karye jan madannin gaba ɗaya. Ban yarda rikodar ta mayar da zaren ba, biro na soka na riƙa juyawa a hankali. Uwargida ta leƙo da kwanon kunun zaƙi, ta ga fuskokinmu, ta koma da abinta.

Na kunna.

Muryata ta cika zaure, garau kamar yadda na yi alkawari. “Ni fa, ko wanda yaƙ ƙera ta yaz zo, sai ya sara mini!” Ga dariyata. Ga akuyar da na ce ba za ta shiga ba.

Na saci kallon maƙwabcina. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Ashe bin abin da ya kamata a ji yake yi.

Ya ce wa ɗiyar, “Nan take kiran sunanki. Sunan da take kiranki da shi.”

Ni kuma a kaset ina cewa wayar fanka ta fi sabuwa ƙarko.

“Nan take tambaya ko haƙoranki sun ƙaru.”

Yarinyar ta toshe baki da gefen gyalenta. Na so ƙasa ta tsage. Na kai hannu in tura gaba, uban ya riƙe mini wuyan hannu, riƙon kafinta. Ya ce, “Bar shi. Kada mu tsallake ta.”

Haka munka zauna muna saurarena. Ban taɓa sanin ina da surutu haka ba. Ya buɗe ido ya dubi zaren ya ce, “Maganar ta kusa ƙarewa. In gogewar ta wuce nan, waƙar ta ci.”

Sai ga muryar ɗiyar a kaset, tana tambayar madannai biyu. Sai ƙas! Sai shuuu.

Sai wata siririyar murya ta fito daga tsakiyar kalma: “...yayya ga babanki, kin ji? To bari in yi miki waƙarki.” Ta yi ɗan tari, ta yi ’yar dariya, ta fara.

Ɗiyar ta kifa kai a gwiwa. Ni ban san waƙar ba, ba kuma addinina ba ne, amma gemuna ya jiƙe. Da ta ƙare na sake juya zaren da biro zuwa inda nawa ya tsaya, uban ya karɓi wayar ya kara a bakin sifika, yadda ya ce tun farko. Wani babur ya wuce ya shiga ciki. Ba wanda ya damu.

An yi biki lafiya, har na kai gudummawar gero. Ita ɗiyar har yau in ta zo ganin gida sai ta shigo ta gaishe ni, tana tsokanata wai ina injiniya. Ban daina buɗe kayan mutane ba, kada in yi muku ƙarya, hali zanen dutse. Amma yanzu in na tarar da wani ɗan ƙarfe yana hana ni abin da nake so, nakan zauna in tambayi kaina mi yake tsaro kafin in kai masa filaya. In kuma anka kawo mini abin da babu irinsa biyu, sai na gwada da nawa tukuna. Mai abu in ya ce a yi a sauƙaƙe, a sauƙaƙe nake yi.

Bayan biki na same shi a shagonsa yana goge katako. Na tsuguna na fara ba shi haƙuri, ya tare ni.

Ya ce, “Tashi Malam, ya wuce. Ni ba abin da ya ɓace mini, duk abin da marigayiya ta faɗa na haddace. Sai dai in na faɗa wa yarinyar, da muryata yake fitowa.”