Layukan da Firinta Ta Ƙi Bugawa

Duk wanda ya zauna a Makera a shekarun tamanin ya san Judith Tagwai. Ko bai san sunanta ba ya san tafiyarta: gajeriyar mace, jaka a hammata, kullum cikin sauri kamar ta bar tukunya a wuta. Daga wajen Zonkwa ta zo tana 'yar shekara goma sha tara, ta koyi tafireta a bayan kasuwa, ta samu aiki a ofishin ma'aikata na wata masaƙa a Kakuri. Shekara goma sha bakwai ta yi a kujera ɗaya. A masaƙar ta haɗu da mijinta Alexander, mai kula da injinan saƙa, suka haifi 'ya'ya huɗu, babbarsu Hauwa.

A ofis Judith ba ta da ta cewa, kuma ba ta nema ba. Abin da aka miƙo mata shi take bugawa, tsaf, ba goge ba kuskure. Shugabanta kuwa, Baba Albert babban akawu, mutumin Filato, shi ne mai bakin magana, sai dai a bakin fensir yake yin ta. Fayil ba ya wuce teburinsa sai ya cika gefen takarda da sharhi. 'Yan ofis sukan ce ko takardar ƙosai ka ba shi sai ya rubuta mata ra'ayinsa kafin ya ci.

A 1988 aka kawo kwamfuta, guda ɗaya tal. Aka ware mata ɗaki mai sanyi wanda ko manaja bai samu irinsa ba. Wani injiniya ya zo daga Legas ya koya wa mutum biyu, Judith da Baba Albert, cikin kwana biyu, ya kuma ja musu kunne cewa abin da bai koya musu ba kada su taɓa. Baba Albert ya yi ta ƙorafi wai wannan abu ba shi da gefen da mutum zai yi sharhi. Sai injiniyan ya nuna masa yadda zai rubuta layi ya fito a gilashin kwamfutar amma firinta ta tsallake shi. Lokacin Judith ta fita ɗauko takarda, ba ta ga yadda aka yi ba.

Shekarar ba ta zo wa masaƙu da daɗi ba. Auduga ta yi wuya, kayan gyaran inji sun gagara, aka ce a rage mutum sittin. Shugabannin sassa suka aiko da sunaye, Baba Albert ya rufe ƙofa ya yi kwana uku yana bugawa da yatsu biyu. Ranar Jumma'a manya za su zauna a kan takardar. Ranar Laraba da safe Baba Albert ya faɗi a ƙofar gidansa a Barnawa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya ƙi magana.

Alhamis da safe Alhaji Bello, manajan ma'aikata, ya miƙa wa Judith faifan kwamfutar da Baba Albert ya adana aikin a ciki, ya ce ta fitar masa da sunayen a takarda. Ta zauna, ta buɗe, tana gangarowa da ido har ta kai lamba arba'in da ɗaya. Alexander Tagwai. Ta sake karanta sunan. Sai daga baya ta lura akwai rubutu a ƙarƙashin sunan, kuma ba nasa kaɗai ba, har mutum goma sha ɗaya. Wani an ce matarsa na kwance tun bara. Wani saura wata biyar ya cika shekarun ritaya. Na Alexander ya fi tsawo. Da Turanci Baba ya rubuta, amma ga abin da yake cewa: shi ne ya sa hannu ya tsayar da inji a 1981 ranar da ya kama rigar wata ma'aikaciya, a nan ya bar yatsu biyu, tsohon manaja ya yi alkawari a gabana ba za a taɓa shi ba, amma ba a rubuta ba, zan faɗa a taro.

Ta danna, firinta ta yi ta ƙararta, takarda ta fito da sunaye sittin zalla. Ta sake, ta kuma sake. Rubutun na nan a gilashi, kore shar, tana iya ɗora yatsa a kansa, amma ya ƙi sauka a takarda. Ta so ta gwada wasu maɓallan, tsoro ya hana ta, don in ta goge shi ke nan, babu inda za a sake samunsa. Sai ta ɗauki biro ta kwafe duka goma sha ɗayan da hannunta.

Alhaji Bello ba mugu ba ne, gajiya ce dai ta yi masa yawa a makon nan. Ya duba takardar da ta kwafa ta kai masa ya ce, "Madam Judith, wannan rubutun wane ne?"

"Hannuna ne, Alhaji, amma maganar Baba ce. Tana cikin inji."

"To me ya hana ta fitowa?"

"Ban sani ba. Don Allah ka zo ka gani da idonka."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ko na gani, me zan kai wa manya gobe? Gilashin zan ɗauka a ka? Kuma mutum biyu ne suka iya injin nan, ɗaya na asibiti, ɗaya maigidanta na cikin lis. Ni na yarda da ke. Su fa?"

Duk da haka ya ce zai leƙo bayan azahar. Ƙarfe sha biyu wuta ta ɗauke, janareta kuwa ɗakin saƙa kaɗai yake ba wuta. Har aka tashi ba ta dawo ba. Judith ta zauna gaban baƙin gilashi tana jin haushin kanta, ita da ta shekara goma sha bakwai tana sa maganar mutane a takarda, yau layi huɗu sun gagare ta.

Daga ofis asibiti ta wuce. Ta durƙusa gefen gadon Baba Albert ta karanta masa abin da ta kwafa, ko zai iya sa hannu. Ya kafa mata ido, ya gane sarai, hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Ta sa masa biro a hannu, biron ya zame. Matarsa ta ce a hankali, "'Yata, bar shi haka, ya gaji."

Taron Jumma'a bai kai rabin awa ba. Ranar Litinin Judith ta buga takardun sallama sittin, har da ta arba'in da ɗaya, babu kuskure ko ɗaya. Ba ta ce wa Alexander komai a kan layukan ba, don tana ganin baƙin cikin zai ƙaru ne kawai.

Bayan mako uku injiniyan ya dawo duba injin. Ta nuna masa. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Madam, na dis wan? Simol tin ne, ƙaramin abu." Ya goge ɗigo biyu a farkon kowane layi, ya danna, takarda ta fito da komai, kafin shayin da aka kawo masa ya huce. Judith ta yi masa godiya, don haka aka koya mata. Ta kai wa Alhaji Bello, ya karanta a tsaye har ƙarshe, ya zauna. Ya ce an riga an rufe fayil, sunaye sun tafi hedkwata, babu abin da zai iya. Ya miƙa mata takardar bai iya kallonta ba.

Da la'asar ta tarar da Alexander a ƙofar ɗaki, ya kwance keken ɗinkin wata maƙwabciya yana gyarawa, abin da ya koma yi ke nan. Ta zauna a benci kusa da shi.

"Baban Hauwa, Baba Albert ya yi rubutu a kanka."

Ta karanta masa, tana juya masa da Hausa. Ya ajiye sukudireba.

"Ashe ya tuna," in ji shi. "Na ɗauka kowa ya manta. A wajen taron, wa ya ji wannan?"

"Babu kowa."

Ya gyaɗa kai. Ya goge hannunsa a wando, ya gyara zama.

"To, Maman Hauwa, sake karanta min. A hankali."