Yadda Kawu Iro Ya Kai Ni Koyon Iyo a Daberam

Tashi daga Daura

Ko assalatu ba a kira ba Kawu Iro ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. "Lawal, fito! Ko so kake ruwan ya ƙafe kafin mu isa?"

Ga abin da ya tayar da tafiyar. Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma na samu aiki mai kyau a wasu ƙauyukan bakin kogi can wajen Yawuri, inda ba a shiga sai da kwalekwale. Ni kuwa har na yi furfura a gemu ban taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba. Na kusa cewa na fasa. Kawu, ƙanen mahaifiyata, tsohon direba ne da ya daɗe yana ɗauko kifi daga Tafkin Chadi, a can ya koyi iyo. Da ya ji labari sai ya ce, "Abincin 'ya'yanka za ka bari don tsoron ruwa? Shirya, gobe sai dam ɗin Daberam."

Muka yi sallar asuba a masallacin tasha, muka sha koko da ƙosai, muka shiga motar da ke bin hanyar Katsina. Lokacin ba a daɗe da fara aiki da shari'a ba, don haka direba ya ware wa mata kujera guda, mu maza muka matsu kamar buhunan gero. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya ga ƙaton gora a cinyar Kawu.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Iska ce, ranka ya daɗe. Ita za ta riƙe mini wannan ƙaton a kan ruwa."

Motar duka ta kwashe da dariya, har da ɗan sandan. Ni dai na sunkuyar da kai.

Bakin ruwa

Muka sauka a wata mararraba ta ƙasar Dutsi, muka hau acaɓa ta cikin gonaki. Kaka ce, an yanke gero, dawa ta sunkuyo da kai. Da hantsi muka isa gidan Malam Sule masunci, abokin Kawu tun suna samari. Bayan gaisuwa na ce a je a gama abin nan in huta.

"Ba yanzu ba," in ji Malam Sule. "Ruwan safe bai sha rana ba. Bari sai bayan azahar."

Muka zauna gindin tsamiya ana dama mana fura da nono, su biyun suna ta hirar ruwa kamar masu zancen wata tsohuwar maƙwabciya. Wai da damina ja yake, ya cika ya batse, ba ka ganin inda kake taka ƙafa. Da sanyi kuwa za ka ga tururi na tashi a kansa da asuba ka zaci ɗumi ne, ka shiga haƙoranka su yi ta kaɗawa. Da bazara ya janye, samansa ya yi zafi kamar shayi, ga laka mai riƙe ƙafa.

"Yanzu ne lokacinsa," Kawu ya ce. "Ya kwanta, ya washe, sanyi bai sauko ba."

Bayan azahar muka gangara. Mata na wanki can nesa a nasu gefen, mu muka nufi na maza, kowa da wandonsa har ƙasan gwiwa. Na rungume gora, na sa ƙafa. Ɗumi! Na ci gaba har ƙugu, raina ya fara kwanciya. Da ruwa ya kai mini ƙirji sai na ji wani sanyi ya cafke ƙafafuna, kamar an kama ni da hannu. Na ƙwalla ihu, na saki gora, na yi ƙasa. Na sha, na taso, na sake sha. A raina na gama sallama da duniya.

Sai na ji an damƙi wuyan singiletina. "Miƙe tsaye, Lawal!" Na miƙe. Ashe ruwan ko kafaɗata bai kai ba. Wasu Fulani da suka kawo shanu shan ruwa suna ta riƙe ciki.

"Kawu, wallahi wani abu ya kama ni."

"Ba abin da ya kama ka. Rana saman ruwa take dafawa, ƙasansa yana nan da sanyinsa. Haka za ka tarar a kogi. Wanda ya firgita shi ruwa ke ci."

Ya daina dariya da ya faɗi haka. Ya sa tafin hannunsa a bayana, ya ce in kwanta rigingine in kalli sama. Na ƙi, ya lallashe ni kamar yadda yake yi sa'ad da nake ƙarami. Na kwanta. Kunnuwana suka nutse, hayaniya ta ɗauke, sai shirwa guda tana shawagi. Can na ce, "Kawu, kada ka sake ni fa." Muryarsa ta zo daga nesa: "Ai tun ɗazu ina nan ina wanke hulata."

Kwana da komowa

Matar Malam Sule ta aiko mana da tuwon dawa miyar kuka da soyayyar karfasa. Muka kwana a zaure. Washegari bayan azahar muka koma, na riƙe gora ina bugun ruwa da ƙafa, daga baya na sake shi na yi 'yar tafiya kamar ta kwaɗo. Kafin mu yi sallama na shiga kwalekwalen Malam Sule, ya zaga da ni har tsakiya. Na riƙe gefensa gam, amma ban rufe ido ba.

Bayan la'asar muka samu motar da ta ɗauko buhunan gyaɗa, muka ɗare sama, muka shigo Daura ana kiran magariba. A sahu na zo ɗaga hannu in yi kabbara, kafaɗuna suka ce ba su san zancen ba, da ƙyar hannun ya kai ƙirji. Da aka sallame, maƙwabcina ya ce, "Malam Lawal, faɗuwa ka yi a babur?" Na ce a'a, karatu na je.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Sule da iyalinsa, Allah ya ƙara albarka a komarsa. Kawu kuwa da na je yi masa godiya, cewa ya yi in bari sai na dawo hutun farko, in taho masa da busasshen kifin Yawuri. Mako na zagayowa na ɗaure kayana na kama hanya.