Batirin Kan Jirgi

Tela ya daɗe yana taka keken ɗinki kafin ya san hawan keken tsere, kuma ƙafafun da ya samu a shago su ya kai kan titi. Da shi aka kafa ƙungiyar masu keke ta garin, shi ya ɗinka musu rigunan farko masu aljihu a baya. Duk Asabar da sassafe su haɗu a gidan man bakin shataletale, su jeru bibbiyu su fita bayan gari, su ƙare a wani shagon kofi da ke gindin tudu.

A irin wannan tafiya na gaba ne ke shan wuya. Shi ke tsaga iska, sauran su laɓe a bayansa suna hutawa, shi ya sa ake karɓa-karɓa. Tela bai san wannan zance ba. In ya shiga gaba ya shiga ke nan, ya duƙa ya yi ta jan mutane har ƙofar shagon kofi. A nan ya samo sunan Kan Jirgi. Ga baki kuma, wai! Ranar da wani malamin makaranta mai ritaya ya zo da keke mai batir, Kan Jirgi ya zagaya shi ya ce, "Malam, babur ka kawo mana? Je ka tasha ka ɗauki fasinja." Aka yi ta dariya har da masu buga tebur. Malamin bai ƙara zuwa ba.

To, shekaru ba su tambayi kowa ba. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse, kayan kanti suka kwashe masa masu kawo ɗinki. Sai ya wuni a shago yana cin bakin wando ɗaya, ba mai ce masa ƙala. Asabar kaɗai ta rage masa, ita yake jira tun daga Lahadi. Ita ma ƙirjinsa ya fara neman raba shi da ita. A tudu numfashi ya riƙa sarƙe shi, yaran da ya koya wa canza giya su wuce shi fuu, in ya iso shagon kofi ya tarar har an kwashe kofuna.

Babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya, ta ce, "Baba, don Allah ka haƙura da keken nan."

"In haƙura in zauna da wa? Da almakashi?"

Ta ga ba zai ji ba. Ta kai keken wajen wani makaniki aka ɓoye ɗan inji a tsakiyar tayar baya, batirin kuwa aka yi shi kamar gorar ruwa. Da Tela ya gani ya yi faɗa, ya yi rantsuwa ba zai hau ba. Asabar na zuwa ya hau.

Kai, ranar ya ji daɗi! Ya koma gaba, iska na dukan fuskarsa, yana jin ƙarar tayoyi a bayansa kamar da. A shago ya riga kowa zama, ya ƙwala wa mai shago kira ta kawo kofi da burodi, ya shiga tsokanar masu haki.

Abin da ya manta shi ne ɗabi'ar masu keke. Ba sa ganin keken wani a jingine su ƙyale shi, sai sun ɗaga da yatsu biyu sun ji nauyinsa. Mai Kemis, wanda ya daɗe yana shan baƙar magana a bakin Kan Jirgi, ya fita ya ɗaga keken Tela. Ya ajiye, ya sake ɗagawa. Ya taɓa gorar ya ji ta da ɗumi. Ya yafito Lauya, shugaban ƙungiya, shi ma ya ɗaga. Suka dawo suka zauna kamar ba abin da suka gano, Mai Kemis har da tura wa Tela sukari.

Asabar ta gaba Lauya ya ce yau doguwar hanya za a bi, ta bayan madatsar ruwa. "Babanmu, ja mu, yau ranarka ce." Tela ya shiga gaba. Duk inda ya kamata a karɓe shi ba wanda ya motso, sai kirari daga baya: "Sai kai, Kan Jirgi! Ƙara wuta!" Shi kuwa kansa ya kumbura, yana ta ƙara wa injin ƙarfi. Mugunta ce tsagwaronta, sun zauna sun lissafa inda batir zai mutu.

A tsakiyar tudu mafi tsawo ya mutu. Keken ya yi nauyi kamar an ɗaura masa buhun siminti. Suka rabu gida biyu suka wuce shi ta dama da hagu, ba wanda ya waiwaya. Ya taka har idonsa ya fara ganin duhu, sannan ya sauka ya tura, takalman keke na ƙwas-ƙwas a kwalta.

Rana ta take sosai ya iso. Wannan karon sun jira shi, duka, har da masu cewa suna sauri. Yana shigowa suka miƙe da tafi. An ja kujerarsa an kai jikin bango kusa da soket.

"Hajiya," in ji Mai Kemis, "bar kofin tukuna, fara jona Baba a wuta."

Shago ya kece da dariya, wayoyi a sama ana ɗaukarsa. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji tsoro kuma, don ya san abin da ke biyo bayan irin wannan dariya. Saboda haka ya taya su. Ya fi kowa ƙyaƙyatawa, ya je ya zauna a kujerar.

Da za a tashi ya riƙo hannun Lauya. "Zan cire shi. Wallahi yau zan cire. Asabar inda muka saba?"

"Inda muka saba, Baba."

Ya cire kuwa. Asabar ya riga ma'aikatan gidan mai zuwa, da riga a goge, da tayoyi cike da iska. Gari ya waye, motoci suka fara yawa. Can ya jiyo ƙarar da ya fi sani a duniya, ta tayoyi da yawa a jere. Ta ɗaya titin suka ɓullo, can ƙetaren shataletale, bibbiyu, cikin rigunan da ya ɗinka, Mai Kemis a gaba. Ya ɗaga hannu ya kira su, suka sha kwana suka miƙe.

Yana nan tsaye da hannu a sama wani direba ya danna masa oda, matar da ke zuba mai ta leƙo.

"Baba, matsa da kekenka, ka tare hanya."

Ya ce to, ya matsa.