Yatsa Huɗu na Kawu Illa

Duk wanda ya san Kawu Illa a Magaria, a tsugune ya san shi. Kafin ya amsa gaisuwarka sai ya durƙusa gefen jar motar nan tasa mai ƙofa biyu, ya zura hannu tsakanin cikinta da ƙasa. Yatsa huɗu cif. In ya ji biyar, ranar ko fura ba zai sha ba. Ƙanen mahaifiyata ne, ya rasu bara, amma wallahi har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci kafin dariya ta zo.

Tun da ya ajiye allin koyarwa ya sayo motar, masifa ta shigo gidanmu. Shokozobarta ta mutu, Habu makanike ya ce a sa irin ta kowa, mai laushi. Ina! Kawu ya ja ni har Kano, muka wuni a kasuwa ban sa komai a ciki ba, yana neman wata iri mai sufirin a nannaɗe, da zobe da ake murzawa da kile, wato sifana, a ɗaga mota ko a sauke ta.

Mai shago ya ce, "Baba, a ina za ka hau ta?"

"Magaria."

"To ka ɗauki mai laushi, ka bar ta a sama."

"Yaro, mota na saya, ba amalanke ba. Ba ni mai taurin."

Muna dawowa ya murza zoben nan har ƙasa. Daga ranar, ko tsakuwa muka taka sai na ji ta a haƙorina. In ka yi magana ya ce, "Hanya ce ba ta da lafiya, motata lafiya lau."

Kun tuna tudun rage gudu na bakin kasuwa? Duk wanda ya ɗauko sai ya sauka a nan, shi ya haye a karkace. Liman guda ya sauke, da rawaninsa, rana tsaka! Liman ya kira shi yadda muke kiran malaman boko, ya ce, "Mushe Illa, ni ma?" Kawu ya ce, "Allah gafarta malam, kai ne ma ka fi nauyi." Ni ne na je ba da haƙuri, don shi a ganinsa bai yi laifin komai ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona min rai Inna ce. Tana Kwaya da ciwon baya, kuma hanyar can yashi ne. Shekara uku ƙanenta na da mota, ni ina ɗauko ta a babur duk wata zuwa likita, tana riƙe da rigata tana cije baki. Na same shi na ce, "Kawu, don girman Allah ka ɗaga motar nan. Murzawa ce kawai!"

"Ka san kwana nawa na yi kafin ƙafa huɗun nan su daidaita?"

"Yayarka ce fa!"

"Ai hanyar Kwaya ce ba ta da lafiya."

Na ce to ya zauna da motarsa ta haifa masa 'ya'ya. Na daina gaishe shi, wata biyar.

Da damina ciwon ya kwantar da Inna, babur ya gagara. Ina tsakar gidanta a Kwaya da hantsi ina neman mai amalanken da zai yarda, sai na ji ƙugin da na sani. Na leƙa. Jar motar ce, a ɗage, tayoyi a waje kamar wanda ya naɗe wando zai tsallake ruwa. Abin ba kyan gani. Kawu ya fito, babbar rigarsa duk baƙin mai, bayan hannunsa a ƙuje yana jini. Shi kaɗai ya murza, don kunyar Habu ya gani.

Bai kalle ni ba. Ya shiga ɗaki ya ce, "Yaya, taso mu je." Inna ta dube shi ta ce, "Illa, sai yau?" Sai ya tallabe ta zuwa mota. Ya kwantar mata da kujera, ya jera matasai, muka taho a hankali har awaki na wuce mu. A tudun kasuwa Inna ta fara laluben ƙofa, don labari ya kai mata. Ya ce, "Zauna abinki, Yaya."

A ƙofar likita ya damƙe hannuna ya ce, "Lawali, in ka faɗa wa mutane ni na ɗaga ta, ban yafe ba. Ka ce sufirin ne ya lalace."

Wata takwas yana kai ta yana dawo da ita, bai sake tsugunawa ya auna ba. Inna ta miƙe, shi ya kwanta. Motar na nan ƙofar gidana, kile a ƙarƙashin kujera, jiya na zura hannu na ji yatsa tara, kuma haka za ta zauna.

To Kawu, na faɗa, sai ka yafe. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa hanyar da ka bi ta fi ta Kwaya laushi. Amin.