Koriyar Fitilar Ƙofar Masaƙa

A shekarun da soja suka koma bariki, 'yan siyasa suka riƙa zuwa Kakuri da manyan riguna suna rantsuwar za su farfaɗo da masaƙu, ina aiki a ɗakin kwamfutar ɗaya daga cikinsu. Baba ma a nan ya ƙarar da ƙarfinsa kan injin saƙa, kafin a ba su hutun dole shi da tsararsa, aka ce su koma gida za a neme su. Injinan da suka rage suna motsi ba su taka kara sun karya ba, kuma suna can ƙurya bayan sito, ko ƙararsu ba ta isowa titi.

Ni na haɗa fitilar da ke jikin ƙofar masaƙar. Masu gadi ne suka gaji da amsa tambayar ko ana aiki a ciki, sai aka ce in yi dabara. Na rubuta ɗan ƙaramin umarni na dasa shi can cikin kanel, wato zuciyar manhajar kwamfuta, inda ita kanta na'urar ke jin abin da ke taɓa ta. Duk lokacin da injin saƙa ya buga, saƙo zai zo ta waya, umarnin ya kunna koriyar fitilar ya kashe. In injina sun tsaya, ita ma ta mutu. Shi ya sa ƙiftawarta ba ta da tsari, wani sa'in ta yi sauri, wani sa'in ta yi ɗingishi, kamar numfashin mai hawa tudu.

Ina da baki a lokacin, Allah ya sani. Na zaunar da Baba a tsakar gidanmu na Makera na cika shi da bayani.

"Baba, wannan fitilar ba ta iya ƙarya. Manaja zai yi ƙarya, gwamnati za ta yi, ita ba ta da bakin yi."

Bai gane kanel ba, bai kuma nemi ya gane ba. Abin da ya riƙe shi ne ɗansa ya yi abin da ba ya ƙarya. Daga nan kullum da safe sai ya sa tsohuwar rigar aikinsa, ya taka zuwa ƙofa, ya tsaya tare da sauran dattawa suna kallonta. Yakan nuna ta da haɓa ya ce, "Aikin yarona ne."

Ana cikin haka ƙanensa da ke Unguwar Boro ya buɗe shagon kayan gini, ya roƙe shi ya zo ya riƙe masa. Shi ne kaɗai aikin da wani ya taɓa yi wa Baba tayi tun da aka sallame su. Baba ya ce a ɗan jira shi, tun da masaƙa na da rai ba zai ɗaure kansa a wani wuri ba.

Sai injin ƙarshe ya tsaya, babu auduga, babu baƙin mai. Manaja ya kira ni ofis, ya ce manyan baƙi na tafe, kuma ba ya son fitilar ta mutu mutane su yi taro a ƙofa.

"Ka sa ta ci gaba da ƙiftawa. Ka haɗa ta da agogo kawai, ai abu ne mai sauƙi."

"Oga, mutane da ita suke auna rayuwarsu."

"To shi ya sa."

Na ƙi, na kuma faɗi maganganun da suka sa aka raka ni har titi. Ba a sha wahalar samun wanda zai yi ba, aikin bai kai shan shayi ba. Da na bi ta ƙofar bayan kwana biyu na gan ta tana ƙiftawa, tsaf, daidai wa daida, babu sauri babu ɗingishi. Ban taɓa ganin abu mai kyau da ya ba ni tsoro haka ba.

Na je na durƙusa gaban Baba na gaya masa komai. Na ce ya dubi yadda take bugawa, injin saƙa bai taɓa tafiya a miƙe haka ba, shi ya fi kowa sani. Ya daɗe yana kallona, da tausayi ma, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"An kore ka, ranka ya ɓaci, na sani. Amma kada ka ɓata aikinka da bakinka. Da ɗin ma ɗingishin na rashin gyara ne. Yanzu sun gyara injinan."

Na yi rantsuwa, na ɗaga murya har Mama ta fito ta ce in ji tsoron Allah, ubana nake yi wa tsawa. Na kawo masa mai gadi ya shaida, Baba ya ce ai shi ma abokina ne. Ƙanen Baba ya gaji da jira ya ɗauki wani a shagon.

Batir da ɗan faifan sola na sa wa fitilar tun farko don kada ɗaukewar wuta ta kashe ta, kuma na yi aikin da kyau, kaicona. Manaja ya tafi, masu gadi suka watse, ciyawa ta cinye harabar, dattawan suka ragu ɗaya bayan ɗaya, ita tana nan tana ƙiftawa. Sau da yawa na ɗauki dutse na nufi ƙofar, sai in tuna ita kaɗai ce ke tayar da shi daga shimfiɗa, in yar.

Da ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ni yake aika. In dawo in same shi a kwance, rigar aikin na rataye a ƙusa saitin kansa.

"Tana yi?"

"Tana yi, Baba."

"Ka gani," in ji shi, yana lumshe ido. "Na ce maka aikinka ba ya ƙarya."