Yatsun Babana

Har yau in warin kananzir ya haɗu da ƙarnin ɗanyen nama a hancina, sai in tuna babana. Ina yarinya na san wannan warin, bari ka ji yadda aka yi.

Babana duba-gari ne a kasuwar garinmu, can tsakanin Kura da Bunkure. Shi ke leƙa tukwanen masu abinci, shi ke duba nama kafin a sayar. Kawuna kuwa, yayan innata, mahauci ne a wannan kasuwar.

Lokacin ɗiban tumatir ne, kwanduna jere a bakin titi, gari duk ya yi ja. Wata saniya ta sha ruwan da aka wanke tankin feshin maganin ƙwari a ciki, ta faɗi. Kawu ya saye ta da araha, ya sa mata wuƙa bayan rai ya riga ya fita. Ranar kasuwa inna ta aike ni in kai wa baba fura. Na tarar da shi gaban teburin kawu, yana juya wata hanta da ta yi baƙi.

"Yaya, wannan naman ba zai shiga cikin mutane ba," in ji baba.

"Malam, ka wuce. Jarina ke nan gaba ɗaya."

Baba bai wuce ba. Ya buɗe galan ɗin da yake yawo da shi ya tuttula wa naman kananzir. Ban ga lokacin da kawu ya ɗauki adda ba, na dai ga baba ya kare da hannu, na ji ƙara kamar an sari rake. Yatsu biyu suka faɗa cikin naman. Jini ya wanke masa kaki.

'Yan kasuwa suka rufar wa kawu da sanduna da itacen rumfa, har bakinsa ya fashe, ya daina motsi. Baba ya naɗe hannunsa da hula, ya faɗa kan kawu ya rufe shi da jikinsa. Duka ya yi ta sauka a bayansa kafin su gane wanda suke duka.

Baba bai yarda an kai shi asibiti ba sai da aka binne naman a gabansa. Ƙara kuma ya ƙi kaiwa. Inna ta yi shekaru ba ta gaisa da yayanta ba, shi ma ban taɓa jin ya ba da haƙuri ba. Amma da baba ya rasu, kawu ne ya zo ya ce shi zai yi masa wanka. Wanda ya zuba masa ruwa ya ce da kawu ya zo kan wannan hannun, ya daɗe yana riƙe da shi.

Yanzu kasuwar ta ninka girmanta na da, nama a rataye ko'ina, ƙuda na bi. Nakan tsaya in juya hanta kafin in saya. Mahautan, yara ne, suna yi mini dariya. Ba wanda ya san 'yar wace ce ni.