Madubin da Na Jefa a Binuwai

Rubuta yadda na faɗa, Ladi, kada ki gyara don ki rufa mini asiri. Kin yi jikoki, kin isa ki ji abin da na yi wa babanki.

Ina yarinya a nan Garwa, kakata Iya Dudu ce mai tatsuniya. In an ci tuwo sai ta tura itace a murhu, ta miƙe ƙafa, mu kewaye ta muna gasa gyaɗa a toka. Tana yi da Hausa, in labari ya yi zafi sai Fillanci ya kuɓuce mata. Akwai ɗaya da muka fi so, ta masunci da taurari.

Wai taurari 'yan mata ne, suna sauka wanka a Binuwai in mutane sun tashi daga bakin ruwa. Wani masunci ya huda gora ya sa ido, ya gan su kusa. Ashe ba wanka suke ba, fitilu suke wankewa, don matafiya su ga hanya. Ya sheƙo gida yana cewa, "Uwargida, zo ki gani!" Ita kuwa ta ce namijin kirki ba ya leƙen 'yan mata, ta karya gorar ta hura wuta da ita. Tun ranar masunci bai sake ɗaga kai sama ba.

Iya takan tsaya ta ce, "To, 'yan nema, wa ya yi laifi?"

Mu haɗa baki: "Masunci! Maleƙi!"

Sai ta yi dariya ta ce, "Ku ci gyaɗarku. Ku dai girma."

Na girma, aka kai ni gidan babanki, mai gyaran agogo a kasuwa. A zamanin Ahidjo wani Nasara mai koyarwa a lekwal, makarantar boko, zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa. Cikinsu akwai madubin hangen nesa guda biyu. Malam, babanki, ya yi kwana uku yana ba ni labarinsu. Babban ya kai taɓarya, da ƙafafu uku, sai mutum biyu sun ɗauka. Ƙaramin bai wuce damtse ba, yana shiga jakar fata. Ya ce Nasaran ya ba shi shawara, mai koyo ya fara da wanda zai iya ɗauka shi kaɗai, don babba a ɗaki yake tsufa. Ƙaramin ne kuma daidai aljihunsa. Ya ɗauro shi a bayan keke, yana murna kamar ango.

Itatuwa sun rufe tsakar gidanmu, sai ya aro tsani ya jingina ya hau soro bayan sallar isha. Kin san al'ada: namiji ba ya hawa sama sai ya ɗaga murya ya ce mata su rufe jiki, za a hau. Ranar, don ɗoki, ya manta. Matar maƙwabcinmu Alhaji Buba tana alwala, ta ɗaga kai ta ga mutum da ƙarfe a ido.

Shi kuwa farin wata yake kallo. Ya kira ni: "Hauwa, hau ki gani! Wallahi akwai ramuka a jikinsa. Kaza da 'ya'yanta ma sun fi yadda muke ƙirgawa."

Na ce, "Malam, ni ba na hawa soro."

Ya ce, "To bari in sauko da shi, mu fita ƙofar gida. Sau ɗaya kawai."

Na ce ina da wanke-wanke.

Kafin Juma'a magana ta cika unguwa. A gidan suna wata ta ce mini, "Hauwa, in mijinki zai hau, ki aiko mu sa zanen kirki." Aka kwashe da dariya. Ya je ya ba Alhaji Buba haƙuri, Alhaji ya yafe, har ya ce zai zo ya ga watan. Ni ce ban yafe ba. Ban taɓa tambayarsa abin da ya gani ba, kunyar mata ta fi mini nauyi.

Ranar wanki na naɗe madubin cikin zannuwa, na shiga ruwan Binuwai har ƙugu, na sake shi. Na ce masa ɓarawo ne. Ya dubi jakar fatar, tana rataye inda take, ba komai ciki. Wane ɓarawo ne zai bar jaka? Ya mayar da tsanin ga mai shi.

Shekara ashirin da wani abu muka ƙara tare, bai tayar da zancen ba. Ko ganin watan azumi, in maza sun fita, shi yana zaune sai an zo an gaya masa. Da yana jinya na yi niyyar faɗa, har na buɗe baki, sai na ce masa ko zai sha kunu.

Yanzu yanar ido ta rufe mini gani, ko an kawo madubin da ya kai taɓarya ba abin da zan gani. Ina kwance ina jin muryar Iya tana tambayar wa ya yi laifi, na san amsa, ba wanda zan ba.

Jakar tana ƙasan akwatina, Ladi. Ki ɗauka. In an ga wata ki fita ki duba, ki dawo ki gaya mini ko da gaske akwai ramukan.